Ungulayen da Na Kusa Sa Hannu a Hallaka

Har yau wata Alhamis ta cikin rani ba ta fita daga raina ba, lokacin ina ƙaramin jami'in gandun daji a Kazaure. Wani ɗan kwangila ne ya nemi izinin fasa wani dutse a yankin Roni. A ƙa'idarmu, kafin a ba da irin wannan izini sai jami'i ya je ya duba ko akwai tsuntsayen da ke sheƙa a wurin. In babu, ya sa hannu, a kawo nakiya.

Kwana uku ina zuwa a kan babur. Ina idar da sallar asuba nake kama hanya, in kafa madubin hangen nesa, ƙarfe takwas in tattara in koma ofis, ina jin kaina ƙwararre. Ban da shirwa guda, ban ga komai ba. Shugabana kuwa ya matsa: "Habu, gobe nake son rahoton nan a teburina."

A rana ta ukun ina ɗaure kaya sai wani dattijon makiyayi, Baffa Sale, ya tsaya da shanunsa muka gaisa.

"Ɗana, kullum ina ganinka da sanyin safiya. Me ka yar a nan?"

"Ungulu nake nema, Baffa, kuma da alama babu."

Ya yi ta dariya har na ji haushi. "Ungulu ai ba zakara ba ce. Ba ta tashi sai dutse ya ɗau zafi, iska mai ɗumi ta ɗaga ta. Zauna tukuna."

Na zauna, don kunya kawai. Rana na ɗagawa sosai sai ga su suna fitowa daga wata tsaga ta bayan dutsen, fukafukai a shimfiɗe, ko kaɗawa ba sa yi. Muka zagaya ya nuna mini farin kashinsu a jikin dutsen, can sama kuma ga kan ɗan tsako. Sai na tuna takardar da na riga na rubuta "babu" tana aljihuna.

Washegari na kai sabon rahoto. Shugabana ya ɓata rai, amma bai ba da izinin ba.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani tsuntsu ba ruwansa da lokacin ofis, kuma mutanen da ke yini a daji ku riƙa tambayarsu kafin ku sa hannu. Ni aka yaba wa daga baya, alhali ba ni na gano su ba. Baffa Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma har gobe ina sa shi a addu'a.