Wanda Ya Bige Ni Ya Zo Neman Auren Yayata

A lokacin ina aji uku a kwaleji, kuma duk layinmu a unguwar New Bell babu yarinyar da ta kai ni rawar kai da riƙon abu a zuciya. Motar makaranta kan sauke mu a bakin layi. Kowa ya san idan ta tsaya ta kunna fitilun gefe, na baya zai jira, ba a bi ta ɓangaren ƙofa. Amma 'yan bensikin, masu babur ɗin haya, ko ratar da kyanwa ba za ta shige ba suka gani sai sun cusa kai. Wata ranar Laraba ina sa ƙafa ƙasa, wani ya kwashe ni. Na yi sama har na hango kwanon gidanmu, na faɗo a kwata, idon sawuna ya goce. Ya waiwayo, ya ce ko makauniya ce ni, ya ƙara wuta. Na haddace fuskarsa: wushirya da tabo a gira.

Bayan wata biyu aka ce mai son yayata zai zo gaida Baba. Na leƙa zaure, sai ga wushiryar nan cikin babbar riga, tana ta murmushi. Ban gaya wa kowa ba. Na jira kawunnai suka cika tabarma, na karɓi tiren shayi, na shiga ina ɗingishi kamar ƙafar za ta cire, alhali ta warke. Na durƙusa na miƙa masa kofi, na tambaye shi ko ya gane makauniyar da ya bari a kwata. Kofi ya suɓuce masa. Ya fara rantsuwa da Faransanci, ya koma Hausa, duk ba ta fita. Baba ya ce bigewa tsautsayi ne, amma mai gudu ya bar yarinya a ƙasa ba zai riƙe masa 'ya ba.

Na ji daɗi har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba. Sai dai yayata ta yi kuka sosai, ta daɗe ba ta yi mini magana, kuma ita ba ta bige kowa ba. Da ita ya kamata in fara gaya wa, a ɗaki. Ku kuma masu babur da mota, in motar yara ta tsaya, ku tsaya. Yaran da ke saukowa suna da ido, ba sa mantuwa, kuma wasunmu muna da yayye kyawawa.