Tsagiyar Dokin Malam

Ni makaɗin ƙwarya ne, yayana shi ke goge. Gado ne, kuma a Karare ba a biki ba a aiko mana da goro ba. Da 'yan bindiga suka tashe mu muka koma cikin Batsari, gogen Yaya yana rataye a ɗaki, wuta ta cinye shi tare da rumbu. Daga nan ya kama bakinsa, ya koma gadin shago. Abin yana cin raina, har faɗa muke yi a kai.

Da ƙura ta lafa aka koma gida, maƙwabcinmu ya sa bikin 'yarsa, na farko tun dawowarmu. Ya zo da kansa ya ce shi ba ya son kiɗan lasifika, goge yake so. Yaya ya karɓi goro, amma ya ce mini in bai samu goge na kirki ba kafin Asabar, ya bar kiɗa ke nan, zai bi wani abokinsa Kaduna. Shi kuwa in ya faɗa, ya faɗa.

Muka hau babur sai Safana, wurin wani tsoho mai haɗa kayan kiɗa. Ga gurmi, ga garaya, ga goge sababbi fil, fatar guza a ɗame. Yaya ya ɗauki ɗaya, ya shafa, ya ajiye yana yatsina.

"Baba, wannan ai zaren kamun kifi ne, ba tsagiya ba."

"To ina zan samo gashin wutsiyar doki, ɗana?" in ji tsohon. "Dawakin ƙasar nan, wanda ba a kora ba an sayar. Kawo na ingarma in ɗaura maka. Na goɗiya ba ya yi, fitsari ya gama da shi."

Na ce, "Yaya, ɗauki na zaren mana, wa zai gane cikin hayaniyar biki?" Ya ce shi zai gane. Ji na yi kamar in kifa masa ƙwarya a ka.

Tsohon ya ce ingarma ɗaya ya sani ya rage, na wani malami a Tsaskiya. Muka kalli juna. Malamin nan shi ne ya taɓa gaya wa mahaifinmu ido da ido cewa goge kiran iskoki ne, har Baba ya rasu gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Yaya ya ce mu tafi gida. Na ce wallahi sai mun je, in kora ce a kore mu, ai ba a kanmu aka fara ba.

Mun sami Malam a zaure yana duba littafi. Muka durƙusa, aka gaisa, ya tambayi gida, ya yi mana jajen abin da ya faru. Yaya ya shiga kewaye-kewaye, daga damina ya koma tsadar taki. Na gaji na ce, "Allah gafarta Malam, tsagiya muka zo roƙo. Ta goge ce."

Malam ya ɗaure fuska. Ni dai na fara laluben takalmina.

"Ra'ayina a kan sana'arku bai sake ba," in ji shi. "Ba zan ba ku da hannuna ba." Ya rufe littafin. "Amma wutsiyar dokin nan ta yi tsawo, tana sharar ƙasa, na rasa mai rage mini. Almakashi na nan a kan taga."

Yaya ya ɗauki almakashin ya yanko gashin wutsiyar. Za mu fita Malam ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "An daɗe in iska ta taso daga wajenku, abu ɗaya take kawowa kunne, ƙarar bindiga. Na gaji da jin shi."

Muka koma Safana, tsohon ya ɗaura wa Yaya tsagiyar a sabon goge. Ranar Asabar da la'asar aka cika ƙofar gidan amarya. Yaya ya shafa wa tsagiyar ƙaro, ya goga, ya ɗauko taken da Baba ke buɗe wasa da shi. Ba wanda ya motsa. Mata suka rufe fuska da mayafi, ni kaina hawaye nake ina dukan ƙwarya, don duk wanda ke wurin yana da wanda ya kamata a ce yana tsaye a filin nan, amma babu shi. Na ce shi ke nan, mun ɓata wa mutane biki. Sai kakar amarya ta jefar da sandarta, ta ɗaure zane, ta shigo tana ce wa Yaya ya ƙara wuta, ita ba makoki ta zo ba. Kafin ka ce kwabo fili ya ɗauka.

Da aka tashi sallar magariba, Yaya yana naɗe gogen a tsumma, ya harare ni.

"Hannunka ya mutu, kana ta bina a baya. Ka gyara kafin Laraba, akwai suna."