Zangon Jan Bulo na Malam Gado

Uwaisu ɗan Malam Gado shi ne na farko a ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla a ƙasar Sudan, da ya shiga jami'a a Hartum ya koyi zanen gidaje, a farkon shekarun sittin. Sai dai an haife shi a gidan da ba a yarda da gini ba.

Malam Gado ya baro ƙasar Sakkwato yana saurayi, a ƙasa, da niyyar Makka. Ya tsaya a nan yankin Jazira ya tsinci auduga kaka ɗaya don ya ƙara guzuri. Ya sami hawasha, wato gonar da hukuma ke ba manomi a bakin ruwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gemu ya yi fari. In ka tambaye shi inda yake zaune, sai ya ce ba zaune yake ba, kan hanya yake. Itacen da ya dasa don ya ɗaure jakinsa kafin ya wuce, yanzu mutum biyu ba sa iya rungume shi. Rabin dattawanmu haka suke: bukkar ciyawa kawai, domin a wurinsu wanda ya aza bulo ya ajiye niyya.

Da aka ji Uwaisu zai zama muhandis, wato injiniya, aka fara gaishe shi da hannu biyu, a zaton irin wanda ke buɗe wa gonaki ruwa ne. Da aka gane ko buta ba ta ƙarƙashin ikonsa, aka koma hannu ɗaya.

Ya zo hutu, uban ya ce, "Mi kaka koyo can?"

"Gini, Baba."

"Na rijiya ko na tukunya?"

"Na gidaje."

"Gidajen wa?"

"Na masu zama."

"To madalla. Ba mu ciki."

Amma Iya Ma'u, uwar Uwaisu, tana ciki. Bukkarta na yoyo duk damina, tari ya kama ta, kowace shekara sai ya fi na bara. Ta ja ɗanta gefe ta ce, "Ni dai na iso tuni. Ubanka ne bai iso ba. Ka samo mini rufi kafin ruwa ya sake sauka."

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai zana gini guda tun daga tushe har rufi. Abokansa suka ɗauki otal da silima. Uwaisu ya zana ɗaki uku da zaure, ya haɗa samfurinsa da kwali, ya rungumo shi a bayan lori har gida.

Malam Gado ya leƙa ta 'yar tagar da ido ɗaya.

"Wanga gida ne?"

"Gida ne, Baba."

"Wato zaunar da ni kaka son yi. Ɗauke shi."

Ba a ɗauke ba. Kaza ta yi ƙwai a zauren kwalin.

Uwaisu ya koma Hartum ya sake zama kan zanen. Bai rage ɗaki ko ɗaya ba. Ya faɗaɗa zauren, ya juya ƙofar ta dubi gabas, ya sa gindin randa a waje da turken jaki. Ya dawo ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa.

"Na ce maka ban son gida," in ji uban.

"Ba gida ba ne, Baba. Zango ne."

"Zango?"

"Na masu wucewa Makka. Duk tsawon hanyar nan babu inda baƙo zai fake wa ruwa."

Malam Gado ya daɗe yana shafa gemu. "Wa za shi tsare shi?"

"Sai dai a sami wani matafiyi da ba ya gaggawa."

"To," ya ce, "ina iya riƙe muku shi kafin in wuce."

Aka kawo jan bulo daga bakin kogi wajen Sinnar. Iya Ma'u ta kwashe tukwanenta ta shiga tun yaɓen bai bushe ba. Ruwan farko ya same ta zaune a tsakiyar ɗaki tana kallon sama, babu kwanon tarar yoyo ko ɗaya. Tarin ya tafi a damina ta biyu. Malaman jami'a kuma suka ba Uwaisu digirinsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne labari zai bi hanya. Matafiya na gaske suka fara sauka, da jakuna da jarirai, Malam Gado na tarbarsu a zaure, Iya Ma'u na tuƙa tuwo a babbar tukunya. Duk zuwan Uwaisu sai ta nuna shi da muciya: "Muhandis! Rufi na roƙa, ka gina mini tasha."

Uwaisu ya yi aikinsa a birnin Madani, ya zana makarantu da asibitoci. Dattawan ƙauyukanmu kuwa suka riƙa zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa na son zango, wani har da ɗakin amarya.

Malam Gado ya rasu a nasa bayan shekaru masu yawa. Wajen ta'aziyya wani baƙo ya ce Allah ya sa ya cika a gidansa cikin iyalinsa. Iya Ma'u ta gyara masa: a kan hanya ya cika.