Ƙwan Fitilar da Na Cire

A gidanmu ni kaɗai nake komawa gida da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, yayana ya gaje shi a sakatariya, ƙannena mata biyu kuma ɗaya tana asibiti ɗaya tana koyarwa. Ni da na faɗi jarrabawa sau biyu sai na koyi gyaran wayoyin mota, daga baya na kafa rumfata a Unguwar Kanawa. In ana taron suna a gidan Yaya a Malali, abokansa suka tambayi inda nake aiki, sai ya ce, "Yana ɗan taɓa harkar motoci." Shekara ashirin ke nan ina ɗan taɓawa, kuma da ɗan taɓawar nan nake ciyar da mutum bakwai.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki aikina da daraja tun farko, shi ne Malam. A zaurensa na yi karatun allo, kuma rumfata tana jikin masallacin da yake limanci. Bayan la'asar yakan zo ya zauna a kan bencin masu jiran mota, yana jan carbi yana kallona. Injiniya yake ce mini, da zolaya ya fara har sunan ya bi ni. Malam marubucin Alƙur'ani ne da hannu. Ya rubuta huɗu da ka, a shekarar da nake ba da labari yana kan na biyar. Yatsunsa uku na dama kullum baƙi ƙirin suke da tawada, har yakan ɗora hannunsa kusa da nawa ya ce, "Ka gani, ni da kai sana'armu ɗaya, wanki ba ya fitar da mu."

A kan bencin nan ya haddace wa'azin da nake yi wa masu mota a kan fitilar ABS. Mutanenmu sun tsani fitilar nan. Da ta kama a gaban direba sai ka ji an ce ai kayan ƙasar ƙanƙara ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Ni kuwa sai na zaunar da mutum na yi masa bayani. Birki zai kama ko da ABS ko babu. Aikinsa na rana ɗaya ne, ranar da ka danne birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. In yana da lafiya zai riƙa kama taya yana saki, ka ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, sitiyari kuma yana jin maganarka. In ya mutu taya za ta ƙame, mota ta zama faranti a kan ruwa, ka murɗa dama ta tafi inda ta ga dama. Daga nan sai na nuna musu gwajin da ba ya buƙatar kowace na'ura. Ka murɗa makulli kada ka tayar da inji, ka dubi fitilar. Ta kawo ta ɗauke, lafiya. Ta kawo ta zauna, akwai ciwo. Ba ta kawo ba sam, to wani ya yi maka ha'inci, ƙwan ya cire. Na maimaita wannan har Malam kan riga ni ƙarasawa, masu mota su yi dariya.

Cikin damina aka yi wa Yaya canjin aiki zuwa Abuja. Ranar wata Talata ya kawo mini motarsa, 'yar Kwatano ce mai kyan jiki, ya tsaya nesa da rumfar don kada babbar rigarsa ta shafi mai. Ya ce wata fitila ta dame shi, in kashe masa ita, domin ranar Juma'a mai saye zai zo.

Na yi aikina yadda na saba. Na jona kwamfuta, ta nuna famfon ABS ba ya amsawa. Ban yarda da ita haka kawai ba, don kwamfuta takan yi wa famfo ƙazafi alhali waya ce ɓera ya ci. Na duba fis, lafiya lau. Na ɗaga motar a jak, na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina juya kowacce da hannu ina kallon mita, sansa huɗun da ke auna juyin tayoyin duk suna magana. Na goge ƙurar da ta taru a bakinsu duk da haka. Daga ƙarshe na jawo wuta kai tsaye daga batir na ba famfon. Ko motsi. Da na buɗe shi na tarar da tsatsa ta cinye cikinsa, ruwan wankin inji ne ya daɗe yana shiga. Na sauke motar na kai ta wani layi mai jar ƙasa da ruwa ya jiƙa, na ɗan ba ta wuta na danne birki. Birkin bai yi karkarwa ba. Motar ta ja ƙafa ta karkace, sai da ta kusa sumbatar katangar mutane.

Washegari na zagaye Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, ban sami famfo mai lamba irin tasa ba. Wani ya ce zai sa a ɗoro mini daga Legas, amma sai na ba shi kwana goma. Na je Malali da yamma na faɗa wa Yaya. Yana zaune a falo ana ta ɗaure kaya a kwalaye.

"Kwana goma?" in ji shi. "Ni Asabar zan tashi. Birkin yana kamawa ko ba ya kamawa?"

"Yana kamawa, Yaya, amma in ruwa ya sauka..."

"Shekara nawa mahaifinmu ya yi yana tuƙi babu wannan abin? Ka cire ƙwan kawai. Kowane bakanike a garin nan yana yi, sai kai ne za ka zama waliyyi a kaina?"

Na ce a bar motar a hannuna, in gyara in miƙa wa mai sayen da kaina. Ya ce shi ba ya barin baya da ƙura. Na ce to a faɗa wa mai sayen gaskiya. Sai ya ajiye wayarsa ya dube ni, irin kallon da yake mini tun ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, ya ce, "Sau ɗaya a rayuwata na nemi abu a wurinka."

Mu an haife mu an ce mana babban wa uba ne. Ba a musu da shi, ba a mayar masa da magana, in ya aike ka ko wuta ce ka ɗauko. Amma ba zan laɓe a bayan tarbiyya ba, don na san abin da ya motsa a zuciyata. Daɗi na ji. Shekara ashirin ina jiran ranar da mutumin nan zai buƙaci hannuna, ga ta ta zo, kuma abin da yake buƙata shi ne in yi ha'inci. Ranar Alhamis da hantsi na kwance gilashin mita, na zare ƙwan. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na jefa shi a kwalin ashana na tura aljihu, na ce a raina duk wanda ya sayi motar zan neme shi daga baya in gyara masa.

Ban tambayi ko wane ne mai sayen ba, Yaya kuma bai faɗa ba. Bayan an sauko daga Juma'a sai ga Yaya ya tsaya da motar a bakin rumfata, Malam na zaune a kujerar gaba yana murmushi. Tsohuwar motar Malam ta gaji, ga shi duk mako yana zuwa Zariya karatu wurin wani dattijo. Da ya ji yayan Injiniya zai sayar da tasa, bai ma nemi ganin wata ba.

Malam ya zagayo ya shiga mazaunin direba. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli, bai tayar da inji ba. Na ga idonsa a kan gilashin mita. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ɗago ya ce, "Injiniya, ka duba mini ita?"

Yaya yana tsaye a bayana, ina jin ƙamshin turarensa.

"Na duba, Allah gafarta Malam."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Lafiya ƙalau."

Ya ce alhamdu lillahi, ya tayar da mota. Yaya ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara, bai ko damu da mai ba.

Kullum da niyyar faɗa wa Malam nake kwana. In ya zauna a kan benci sai bakina ya yi nauyi, domin faɗar gaskiyar tana nufin in ce masa na dubi idonsa na yi masa ƙarya, kuma yayana ya cuce shi. Sai na zaɓi hanyar matsorata. Na sa a ɗoro famfon daga Legas, da nufin in ya iso in ce wa Malam ya kawo motar in canza mata mai, in ɗaura abina a ɓoye in mayar da ƙwan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kwana goma suka zama sati uku. Famfon ya iso ranar Laraba. Malam ya riga ya kama hanyar Zariya tun ranar Talata.

A kan hanyarsa ta dawowa, daidai Katabu, ruwa ya fara sauka bayan azahar. Wani mai babur ya yanko titi da buhuna a baya. Malam ba mai gudu ba ne, kowa ya sani, har tsokanarsa ake yi cewa keke na wuce shi. Ya danne birki, ya karya sitiyari don ya kauce, motar ta ƙi juyawa. Ta zarce da shi ta daki kwalbati. Mai babur ko ƙwarzane bai yi ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon ni na ja, Malam ya sha dukan.

Rai ya yi saura. Hannun dama ne ya karye a wuri uku, jijiya ta tsinke. An yi aiki an ɗaure, ƙashi ya haɗe, amma yatsun nan uku ba su sake riƙe komai ba. Na kira Yaya a Abuja na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya ce ai birki na kamawa, wataƙila tsufa ne ya sa Malam bai taka da wuri ba. Ya aiko da buhun shinkafa da katan ɗin madara. Har yau in mun haɗu a gidan suna ba ya tayar da maganar, kuma ya koma gaya wa mutane ina ɗan taɓa harkar motoci.

Mutane sun yi ta cewa ƙaddara ce, ni ma na yi imani da ƙaddara. Ba kuma zan iya rantsuwa cewa da famfon na aiki da motar ta kauce ba. Abin da na sani shi ne an yi abin ne domin irin wannan rana, ranar ta zo, ni kuma na riga na cire abin da zai gargaɗe shi.

Sai bayan wata huɗu na iya zuwa. Na same shi da hantsi shi kaɗai a zaure, a kan buzu, takardun Alƙur'anin da bai gama ba suna naɗe a gefe cikin fata. Yatsunsa sun yi fari tas, tawadar da ya ce wanki ba ya fitarwa ta fita. Na durƙusa na fito da kwalin ashana, na zazzage ƙwan a gabansa, na faɗa masa komai tun daga ranar Talatar da aka kawo mini motar. Ban sa sunan Yaya a gaba ba, na ce ni na cire.

Ya ɗauki ƙwan da hagu yana jujjuya shi. 

"Na sani," in ji shi. "Ai da na murɗa makulli na ga ba ta kawo ba. Sau nawa na ji kana faɗa? Ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta zauna, ba ta kawo ba sam."

Na ce, "To Malam, me ya sa ka karɓa?"

"Na tambaye ka, ka ce lafiya ƙalau. Sai na ce a raina, wannan fitila ce, wancan kuwa yaron da na riƙe wa hannu ya rubuta bisimilla ne. In ɗayansu zai yi mini ƙarya, ai fitilar ce."

Da ya zage ni da na sami sauƙi. Da ya ɗaga hannun hagun ya mare ni da na yi masa godiya. Na fashe da kuka a gabansa, ni da furfura a gemu, shi kuwa bai rarrashe ni ba. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma kada in sake cire wa kowa, ko uban da ya haife ni ne ya tashi daga kabari ya ce in cire.

Na miƙe zan tafi sai ya ce in dakata. Ya nuna mini kusurwar zauren da haɓa, inda kwalbar tawada take da damin alƙaluman kara da ya feƙe da hannunsa kafin tafiyar Zariya.

"Injiniya, ɗauki waɗannan ka kai wa limamin layin baya, yana rubutu. Kada su bushe a banza."

Na tattara su na rungume a ƙirji. Layin baya ba nisa, amma sai an bi ta gaban rumfata, inda sabon famfon yake kan kanta cikin ledarsa, ko buɗe shi ban yi ba.