Injin Sharar da Hajiya Ta Yaba

Matan garinmu jeren kwanuka suke yi a ɗaki, ni kuwa da na tashi nawa jeren a unguwarmu ta Withington a Manchester, da injinan shara na yi shi. Ba irin na yanzu masu jan ciki a ƙasa nake nufi ba, na tsaye, tsofaffin nan na ƙarfe masu doguwar mariƙa da jakar yadi a rataye, waɗanda Turawa suka yi yayi tun iyayenmu suna yara. Ana kunna su jakar ta kumbura, falo ya ɗauki ruri. Duk wadda ta shigo gidana sai ta tsaya ta riƙe haɓa, wata ta yi shiru, wata ta kasa haƙuri ta ce, "Ke kuwa lafiyarki ƙalau?" Ƙalau nake, sai in ba ta kujera in kawo mata shayi.

Abin ya samo asali ne a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ina aiki a laburaren unguwa, kansil ta fara rage mana ranaku, yau a ce Laraba ba aiki, gobe a haɗa da Alhamis, har na wayi gari rabin mako ina zaune a gida. Baban yara akanta ne, da sassafe yake fita, yara kuma suna makaranta. Ni lantarki na karanta a gida kafin aure, takardar tana ƙasan akwati tana shan barci. Wata safiya ina dawowa daga rakiyar yara na ga an jingine wani tsohon inji a lungun bayan gidaje, ruwan sama yana dukansa. Na wuce, na dawo, na waiga hagu da dama kada wata 'yar garinmu ta gan ni ina tsince-tsince, na ja shi har gida. Fiyus ne kawai ya ƙone. Da na canza shi injin ya tashi, wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a kicin.

Daga nan ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama layi a jikin bango. Baban yara yakan tsaya ya dube su ya ce, "Mutane suna kiwon kaji, ke kina kiwon ƙarfe." Sai in ce nawa ba sa cin dusa.

A cikinsu akwai wanda na fi so, wani kore. A kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na same shi, inda kowa ke buɗe but ɗin motarsa ya baje tarkacen gidansa. Tsatsa ta cinye gindinsa, wayarsa ta tsattsage, gashin buroshin da ke juyawa a ƙasa ya zube, 'yar fitilar goshinsa ta mutu. Duk lokacin sanyin shekarar nan a kansa na ƙare. Na goge tsatsa har yatsuna suka yi kanta, na wanke fanka, na sa girisi, na dasa sabon gashi a buroshin rami bayan rami. Bel ɗinsa, robar da ke juya buroshin, na neme shi na rasa a Manchester, sai a wani ɗan shago a Sparkbrook na samu, ranar da muka je Birmingham gaida yayan baban yara.

Jaka ce ta rage, don tasa ta ruɓe. To, shekarun baya Hajiya, mahaifiyar baban yara, ta aiko mini da turmin atamfa daga Kano, kore shar mai manyan ganyaye ruwan ɗorawa. Na yi godiya ta waya har da durƙusawa, ko da yake ba ta ganina, amma Allah ya sani ba kalata ba ce, sai na ninke ta na ajiye. Ranar da nake neman yadin jaka na ci karo da ita, na kara ta a jikin injin, sai ka rantse don shi aka buga ta. Na sa almakashi. Da na gama ɗinki na kunna shi, ganyayen nan suka kumbura suka miƙe, fitila ta haska kafet, na zauna a ƙasa ina kallonsa kamar wadda ta yaye ɗa.

Ana nan sai Hajiya ta zo Birmingham a cire mata yanar ido. A gidan Yaya ta sauka a Edgbaston, shi likita ne. Hajiya mace ce mai kirki, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma yabo bai saba da bakinta ba. Idan na yi miya ta ci, sai ta ce alhamdulillahi, Allah take gode wa ba ni ba. Da aka ce ta warware za ta zo mana kwana biyu, baban yara ya roƙe ni in kawar da jeren nan. Na cusa wasu a bayan wadirof, wasu a ƙarƙashin gadon yara. Koren kuwa na ce ba inda za shi, ba sata na yi ba.

Atamfar ce na manta da ita shaf. Ban tuna ba sai da Hajiya ta yi sallama ta shigo falo, ta tsaya cak a gabansa. Ga mace an wanke mata ido tas, jiya-jiyan nan take ba Yaya labarin har zaren labule tana gani. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta yana kan injin.

"Wannan fa?"

"Injin shara ne, Hajiya. Tsoho ne, gyara shi na yi."

"Ke da hannunki?"

"Ni da hannuna."

Ta ce in kunna ta gani. Na kunna, jaka ta kumbura, na tura shi gaba na dawo da shi, ya bar layi a kafet. Hajiya ta shafa mariƙar, ta shafa jakar, ta ce, "Kai, masha Allah. Wannan abu ya yi kyau. Kin iya aiki."

Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin haka daga bakinta ba. Daɗi ya rufe ni, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai naki ne, Hajiya." Kowa ya san yadda ake yi: mai abu ya ce naka ne, wanda ya yaba ya ce a'a, bar abinka, ya fi kyau a wurinka, a yi dariya a wuce. Na tsaya ina jiran rabon Hajiya na maganar.

Ta ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Ta juya ga ɗanta. "In za mu tafi ka sa mini shi a mota."

Innalillahi! Na dubi baban yara, ya sunkuyar da kai yana gyara filon kujera, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, mutumin nan.

Kwana biyun nan ban zauna ba. Ba dama in ce na fasa, wa ya taɓa karɓe kyauta daga hannun uwar miji? Sai na bi ta gefe. Ina zuba mata kunu na ce, "Hajiya, abin nan fa akwai nauyi, masu jirgi ba za su bari ba." Ta ce Yaya yana da mai kargo. Na ce, "Ga matsalar wuta a gida." Ta ce akwai janareta. Na ce, "Kuma ai kafet yake so, ɗakin Hajiya tayil ne." Ta ce dama tana da niyyar shimfiɗa kafet, yanzu ta sami dalili. Kowace ƙofa na taɓa sai in tarar ta riga ni rufewa. Da na keɓe da baban yara na ce ya sa baki, sai ya ce, "Ni na ce naki ne?"

Ranar Lahadi Yaya ya zo ɗaukarta. Ina tsaye a bakin ƙofa aka kwantar da koren a but, na ce a sa masa bargo kada fentin ya goge. Na ɗaga musu hannu ina murmushi, na koma ciki na yi kukana a banɗaki. Mace da 'ya'yanta tana kuka a kan injin shara, na sani, amma kukan na yi.

Saura 'yan kwanaki Hajiya ta koma Kano sai dabara ta zo mini. Na sayi sabon inji ɗan ƙarami marar nauyi, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da shi a kwali, da nufin in ce wannan ya fi dacewa da ƙarfin dattijuwa, a ba ni tsohon in rage mata wahala. Duk hanya ina bitar maganar a zuciyata.

Na tarar da ita ita kaɗai a falo, Yaya da matarsa suna wurin aiki. Koren yana kwance a gefe, ranta a ɓace. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Gara da kika zo. Na kashe shi. Gezar dadduma ya haɗiya, ya yi wani ƙauri, yanzu sai ƙara yake yi ba ya ɗaukar komai."

Na kifa shi na buɗe farantin ƙasa. Bel ne kawai ya zame daga mazauninsa, aikin da ba ya ɗaukar ko tafasar shayi. Amma Hajiya ba ta sani ba. Da zan ce ya mutu, sai na tafi da shi Manchester an nemi kayan gyara, shi ke nan, jirginta ya tashi, kore ya dawo gida, ga sabo a kwali na ba ta a madadinsa. Allah ya kawo mini abin har cikin hannu. Na riƙe bel ɗin ina juya shi.

Hajiya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama gefen jakar tana murzawa.

"Atamfata ce wannan," in ji ta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara, "Hajiya, a yi haƙuri..."

"Tun daga bakin ƙofa na gane ta. Ni na zaɓo ta a kasuwa. Shekara da shekaru duk hoton da kuka aiko sai na sa a duba mini ko kin ɗinka, shiru. Ashe wanda zai sa ta daban ne." Ta yi dariya har tana share ido. "Shi dai bai raina ba, ya sa, kuma ta karɓe shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce idan ta koma gida mata suna zuwa sannu da zuwa, suna tambaya. Wannan ɗan likita ne, wancan akanta, matar babban tana aikin asibiti. "In aka zo kanki sai in ce kina lafiya. An ce mini an rage muku aiki, na ɗauka zaman banza kike yi kina kallon bango, abin yana damuna ban dai faɗa ba. Sai na zo na ga wannan. So nake in kai shi in ajiye, duk wadda ta tambaya in nuna mata."

Na mayar da bel ɗin mazauninsa. Sannan na sake zare shi, na ce, "Hajiya, a kawo hannu." Na nuna mata yadda ake maƙala shi a sandar inji a ja shi ya hau buroshi. Ta gwada ya kuɓuce, ta ce kai wannan abu da taurin kai yake, ta sake gwadawa ya zauna. Muka tayar da shi, ta taka makunnin da ƙafarta, ganyaye suka kumbura. A ranar na hau bas zuwa Sparkbrook na sayo mata duk bel ɗin da ya rage a shagon nan, na dawo na naɗe injin da hannuna don masu kargo. Sabon kuwa matar Yaya ta gaje shi, har yau tana yi mini godiyar da ban cancanta ba.

Sai bayan shekara biyu muka je gida hutu. Na shiga ɗakin Hajiya gaisuwa, ga kafet an shimfiɗa bango zuwa bango. A gefen kabet ɗin da ta jera kwanukan aurenta, waɗanda ko jikokinta ba ta bari su taɓa, ga koren a tsaye, an yafa masa farin kyalle saboda ƙura. Na durƙusa na gaishe ta, idona yana kansa.

Muna zaune wata ƙawar Hajiya ta shigo yi mana sannu da zuwa. Idonta ya sauka a kansa, ta ɗaga kyallen, ta ce, "Kai, Hajiya, wannan abu naki ya yi kyau!"

Na kasa kunne ina jiran in ji an ce ai naki ne.

Hajiya ta miƙa hannu ta mayar da kyallen yadda yake. Ta ce, "Na gode. Aikin hannun 'yata ne, ga ta nan zaune. Wannan kam ba na bayarwa."