Tsumma a Ƙafar Rago

Ni ba mai iya zama wuri ɗaya ba ce. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake shure-shure, kuma har yau da furfura ta fara leƙowa ban daina ba. Wuta da gilashi kaɗai ke zaunar da ni. Mahaifina ya koyo narka kwalba a Bidda kafin ya gangaro Yawunde, ya rasu babu ɗa namiji mai son sana'ar, sai ni da na tashi ina laɓe ina kallo. Shi da zugazugi ya yi aikinsa, ni kuwa tukunyar gas gare ni da bakin wuta irin na masu walda. Ina tara kwalabe, kore da ruwan ƙasa da shuɗiyar nan ta magani, in farfasa, in narka a kan tsinken ƙarfe, in ja kunne in ja wutsiya da hantsaki, sannan in binne a toka mai ɗumi su huce a hankali. In an zare tsinken sai rami ya rage, nan zare ke bi. Duwatsun wuya ne, amma kowanne dabba ne: kunkuru, zabuwa, kyanwa, akuya. Mata a kasuwar Mokolo suna saya wa 'ya'yansu.

Ga abin dariya, Allah da ikonsa mahauci na aura, kuma a Briqueterie, unguwar da hayaƙin soya, wato tsire, ke shiga har cikin akwatin kaya. Ni da ba na iya ganin kaza a ɗaure ban yi tsaki ba! Maigidana ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Wuƙarsa kullum a wase take don kada dabba ta wahala, kuma ba ya yanka wata a gaban wata. Sai dai in ya dubi saniya nama yake gani, ni in na dube ta ina kallon yadda take karkata wuya ne, domin ban iya ƙera dabba da ka ba. Sai na zauna na ƙura mata ido, abin da na gani shi hannuna ke yi.

Wata shekara gab da Babbar Salla ya sayi rago na layya daga cikin waɗanda manyan motoci ke kawowa daga arewa. An cusa su kamar buhunan gawayi, a hanya 'yan uwansa suka tattake shi. A baro aka shigo mana da shi gida. Fari ne mai baƙin kunne ɗaya, ƙafar gaba ta hagu ta karye ta kumbura, haƙarƙari duk a waje. Malamin unguwa ya leƙo, ya ce gurguntar ta fito fili, layya ba ta yiwuwa da shi. Maigida ya shafa bayansa ya ce wannan ko miya ba zai yi ba.

Na ce, "To ka bar mini shi."

Ya ce, "Ke dai da kwashe-kwashe. Da niyyar layya na saye shi. Muddin yana ɗingishi naki ne. Ran da ya miƙe kuwa, ya koma inda na yi niyya."

Na ce na ji na yarda. A raina ina cewa wannan ƙafa ai ta tafi ke nan, wa zai miƙar da ita?

Ashe ni ce. Na ɗora masa karan gora na ɗaure da tsumma, ina gasa masa da ruwan zafi, ina shafa man kaɗanya. Na bi masu gasa ayaba ina roƙon ɓawo, na je har Ekoudou wurin wata mai niƙa ina karɓo dusa, na yanko ciyawa a bakin kwata cikin ruwan saman nan namu da ba ya sallama, jan laka har gwiwa. Maƙwabta suna tsokanata wai na samu ɗan auta. Na ce eh, kuma ya fi naku jin magana. Ya riƙa kwanciya a bakin rumfar da nake aiki, yana tuƙa, ƙarar wuta ko a jikinsa. Ni kuwa na samu abin kallo. Na daka farar kwalba na yi ta ƙera shi, ɗigon baƙi a kunne, ƙafa ɗaya a ɗage ba ta taɓa ƙasa. Mata suka so shi fiye da duk abin da na taɓa yi. Wata ma ta ce tausayi yake ba ta, ta saya wa 'yarta mai shan inna.

Damina ta wuce, wata ta sake kamawa. Ragon ya yi ɓul-ɓul, ƙaho ya murɗe. Wata safiya bayan maigida ya fita, na zubo dusa a kwano, sai na ga abu ya taso a guje ya tsallake turmi. Da ƙafa huɗu! Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Guɗar ba ta gama fita ba gabana ya faɗi, don na tuna maganar da muka yi, ga shi an fara zancen watan Salla.

Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Na sake ɗaure masa tsumman, na ƙara kauri, na gajarta igiyarsa yadda ba zai samu filin tafiya ba. In maigida na gida sai in cika masa ciki ya kwanta. In ya tambaya, "Yaya majinyacinki?" in ce, "Ga shi nan dai," in kau da kai. Miya ta ƙone mini ba sau ɗaya ba. Na yi faɗa da mai kawo mini kwalabe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na shiga taksi zuwa Mokolo, ban kai ba na ce a sauke ni, na dawo a ƙafa ina haki, wai kada wani ya kwance shi ba na nan. Na yi tunanin kai shi gidan ƙanwata, to ita mijinta bakinsa ba ya riƙe magana. Na yi tunanin sayar da shi, na ga ai wanda zai saya ma wuƙa zai kai shi. Ko wurin aikin na rasa haƙuri, ina tono duwatsu daga toka tun ba su huce ba, suna tsagewa a hannuna ƙas, ƙas. Haushin kaina nake ji, haushin ragon ma nake ji. Wa ya ce ka warke?

Amma aiki ba ya tsayawa, masu saye suna jiran kayan Salla. Na zauna na yi raguna cike da faranti, shi yana tsaye a gabana yana kallona, ni ina kallonsa.

Da la'asar maigida ya dawo daga mahauta, ya wanke hannu, ya zauna a kan benci kusa da rumfa. Ba ya taɓa kayana, amma ranar ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Ya juya shi. Ya ɗauki wani. Ya ajiye shi a kan benci, ɗan ragon gilashi ya tsaya cak bai faɗi ba. Na dā, masu ƙafa a ɗage, ba sa tsayuwa sai an jingina su.

Ya ce, "Maman yara, yaushe ya fara taka ta?"

Na dubi farantin. Wayyo ni! Duk cikinsu babu mai ɗingishi ko ɗaya. Na ɗaure wa rago ƙafa, na manta ban ɗaure wa hannuna ba.

Na taso masa da masifa. Na ce ga raguna can fal a kasuwa, sai wannan? Na ce ni na yi jinyarsa, ni na sha ruwan sama, shi me ya yi? Na ce zan sayar da tukunyar gas ɗina in saya masa wanda ya fi shi girma. Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya durƙusa ya kwance tsumman, ya matsa ƙafar tun daga gwiwa har kofato, a hankali, yadda ni ma nake yi.

Ya ce, "Kin iya jinya, wallahi. Amma ba nawa ba ne balle in bar miki. Na riga na ce na Allah ne tun kafin ki gan shi. Kina so in musanya, in ce na ba da wani don matata ta fi son wannan?"

Na nemi amsar da zan ba shi, har gidan malam na je da kaina, ina fatan ya samo mini wata ƙofa. Ya saurare ni, ya ce maganar tana hannun mai niyya. Na dawo ina harara duk wanda ya gaishe ni.

Ranar Salla maigida ya sauko daga idi, ya canza riga, ya sa aka haƙa rami a bayan gida. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na ce ba ni ba ganin wannan abu. Sai na ji kokawa a tsakar gida. Ƙannen maigida biyu ne ke jan igiya, ragon ya kafe, yana ja da baya, yana kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Maigida ya daka musu tsawa su sake shi. Ya zo bakin ƙofa, bai buga ba.

Ya ce, "In suka ja shi haka zai firgita, ƙila ƙafar ta sake karyewa, ya mutu a wahale. Ba na so. Ke kaɗai zai bi."

Na so in ce masa ya je ya ji da abinsa. Na so ƙafar ta karye ɗin ma, Allah ya sani na so, don in ta karye ya tsira. Sai na tuna yadda ya zo a baro, da yadda yake rawar jiki in na taɓa wurin. Ba zan iya sake ganin haka ba.

Na buɗe ƙofa. Na cire masa igiyar gaba ɗaya, na ɗebo ruwa a kwanonsa ya sha, na sosa masa gindin ƙaho har numfashinsa ya kwanta. Sannan na juya na nufi bayan gida ban waiwaya ba. Ina jin kofatonsa a kan siminti a bayana, yana biye da ni, ko ɗingishi babu.