Kurakuran Malama Kubura

Wata rana, wasu masu haɗa manhaja suka kusa ɓatawa a kan wata dattijuwa. Ita kuwa ba ta ma san ana yi ba.

Manhajar tasu ta kyauta ce, tana karanta wa masu lalurar gani saƙonnin waya da Hausa. Ba a biyan kowa. Kuma a buɗe take, duk wanda ya iya sai ya leƙa cikinta ya sa hannu.

Malama Kubura ce ta fara ta, bayan ta yi ritaya daga koyar da kwamfuta a Zariya. Yawancin masu aikin ma ɗalibanta ne.

Dokarsu ɗaya ce: in ka ga matsala, ka rubuta a shafin matsaloli. Duniya na gani, sunan mai ɓangaren da ya lalace ma ga shi nan ɓaro-ɓaro.

To, sai Nafi'u, ɗaya daga cikin ɗaliban nata, ya gano matsala a ɓangaren Malama. In saƙo ya yi tsawo, sai manhajar ta yi gum a tsakiya kamar an ɗauke wuta.

Nafi'un nan, da aurensa da 'ya'yansa, har yau in Malama ta kira shi a waya sai ya miƙe tsaye.

Ya gyara a ɓoye. Bai rubuta ba.

Lantana, abokiyar aikinsa, ba ta iya tauna magana ba. Ta ce a rubuta, don abin da ba a rubuta ba dawowa yake yi. Nafi'u ya ce shi kam ba zai tona wa matar da ta koya masa riƙe linzamin kwamfuta asiri a gaban jama'a ba.

Aka buɗe wani guruf da babu Malama a ciki, aka yi ta kai ruwa rana. Aka fi bin bayan Nafi'u.

Daga nan ya zama al'ada. Kuskuren kowa a shafi, na Malama a ɓoye.

Ita kuma da ba ta sani ba, ta ci gaba da maimaita kuskuren a sabon aiki, Nafi'u na bin bayanta yana sharewa. A ransa, ladabi yake yi.

Kwatsam sai ga saƙon Malama: ta gode wa kowa, za ta ajiye aikin.

Nafi'u bai tsaya wata-wata ba. Ya kama hanyar Zariya.

Ya same ta a tsakar gida, kwamfuta a kan kujera, tabarau a ƙarshen hanci. Bayan gaisuwa ta ce watanni ke nan ba wanda ya ce uffan a kan aikinta. Ta san dai ba ta zama waliyyiya ba. Ke nan ba mai karantawa, tsufa ya sa an ajiye ta gefe.

Tana faɗa tana murmushi, amma kana gani ka san abin ya yi mata ciwo.

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Wallahi muna karantawa, Malama. Akwai kurakurai. Mu ne muke gyarawa, don kada a ga sunanki."

Ta cire tabarau ta dube shi.

"Nafi'u, yaushe na rasu ba ku sanar da ni ba?"

"Subhanallahi, Malama!"

"To ai mamaci ake rufa wa aibi, ɗana. Mai rai gaya masa ake yi ya gyara."

Ta tura masa kwamfutar. "Rubuta a shafin matsaloli. Yanzu, a gabana."

Bawan Allah ya fara da sallama. Ya gaida Malama, ya gaida jikokinta, har ya gangaro kan ciwon gwiwarta. Ita tana tsaye a kansa tana karantawa.

Ta ce gaisuwar ta isa haka, ya sauka kan matsalar.

Ya rubuta. Ya tura.

Lantana ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ƙarya nake yi, ta faɗa, har da saƙon murya ta turo.

Malama kuwa ta ja kwamfutarta, ta amsa a ƙarƙashin rubutun nasa, inda kowa zai gani:

"Gaskiya ne, nawa ne. Na gode. Kada wanda ya taɓa, ni zan gyara."

Nafi'u ya yi sallama har sau biyu ba ta ji ba. Ta riga ta duƙufa.

Darasi: Ba kowace kara ce girmamawa ba. In ka daina gaya wa babba kuskurensa, ka cire shi daga aikin ke nan ba da saninsa ba. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa.

Tura wa wanda ya taɓa gyara maka ba tare da ya wulaƙanta ka ba, ka ce masa ka gode.